Gwiwar Auta

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maƙwabta da keken ɗinkin nan naki da bai san hutu ba. Mu nan lafiya lau. Auta ma lafiya lau, ta ce in gaishe ki. Tunda kunnenki ya daina ɗaukar magana a waya, sai "iye? iye?" har mutum ya gaji, na koma biro da takarda. Direba, mai motar hayar nan da ke zuwa garinku, zai riƙa kawo miki, tunda motarsa ta ƙofar shagonki take bi.

Yaya, da za ki zo jami'ar nan yau, sai an riƙe miki hannu. Shekara goma ke nan da aka ɗauke ni kocin masu gudu. A lokacin filinmu ciyawa ce da ramuka, ni nake jan layi da farar ƙasa a gwangwani mai huji. Ɗaki-ɗaki nake bi ina roƙon ɗalibai su fito su yi gudu, kamar mai neman aron gishiri. Yanzu kuwa tsangayu sun ninka, an yi ɗakin karatu mai hawa uku, an yi sababbin ɗakunan kwana, ga motoci suna yawo da yara daga wannan ƙofa zuwa waccan. Inda muke korar awaki a da, yau asibitin koyarwa ne.

Babban labari shi ne sabon filin wasa. An gama shi, da jar shimfiɗa mai laushi ta masu gudu da kujeru masu rumfa. Wata mai zuwa mu ne za mu karɓi baƙuncin gasar jami'o'i, karo na farko. Shugaban jami'a ya ce kofin nan ba zai fita ta ƙofarmu ba. Har ya ɗan yi mini raɗa cewa kujerar daraktan wasanni babu kowa a kanta.

'Yarki muka dogara da ita. Ke kina ce mata Auta, nan Walƙiya suke kiranta. Ita ce ta ƙarshe a gudun miƙa sanda, inda 'yan mata huɗu suke gudu bi da bi, kowace ta miƙa wa ta gabanta sanda. Karatunta na harhaɗa magunguna ma bai taɓu ba, wannan ne zangonta na ƙarshe.

Kin san har na'urar ɗaukar hoton cikin jiki muna da ita yanzu? A da sai an yi tafiyar yini guda. Ranar da aka saka Auta a ciki na tsaya ta bayan gilashi ina kallo, kowace jijiya ta gwiwarta ta fito a allo tar. Na ce a raina, lalle jami'ar nan ta girma.

Ƙanenki,
Koci

Zuwa ga Ƙanena,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarka, na gode. Ni lafiya lau, aiki sai godiya. Allah ya ƙara wa jami'arku hawa, ya ba ka kujerar da ake yi maka raɗa a kanta.

Na karanta hawa uku, na karanta awaki, na karanta jar shimfiɗa. Sai can ƙasa, inda ka yi zaton idona ya gaji, na ga an saka 'yata a cikin na'ura. Ni ba likita ba ce, tela ce, amma ban taɓa jin an tura mai lafiya cikin na'ura don koci ya sha kallo ba. Me ya sami gwiwarta? Wace gwiwar? Tun yaushe?

Ka tuna yadda na ba ka yarinyar nan. Kakata da kakarka uwarsu ɗaya, ba gida ɗaya muka taso ba, amma da ubanta ya rasu kai kaɗai na sani a garin nan naku, kai na ɗora wa amanarta. Karatu na tura ta. Da ka rubuto cewa ka gan ta tana bin mota da gudu, a bar ta ta gwada fili, ban hana ba. Na ga abin yana sa ta dariya, kuma ta daɗe ba ta yi ba.

Na tura mata saƙo ta waya, ta amsa da "lafiya lau, Umma". Wannan bai shiga kaina ba. Ka rubuto mini gaskiya, kuma wannan karon ka sa ta a sama, kafin ka fara lissafa mini gine-gine.

Yayarka

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Mu nan lafiya lau, sai dai abin da kika tambaya, ga shi a sama kamar yadda kika ce.

Gwiwar hagu ce. Ta gurɗe a wajen atisaye, yau kusan wata guda. Likitan ƙashi ya ce akwai jijiyar da ta ɗan tsage, amma ba ta katse ba. In ta huta wata biyu zuwa uku za ta haɗe da kanta. In ta yi gudu mai ƙarfi kafin nan, tana iya katsewa, sai an yi aiki, kuma ko an yi ba lalle ta koma tafiya daidai ba. Ki lura, "tana iya" ya ce, bai ce "za ta" ba. Na ga yaran da suka yi gudu da abin da ya fi wannan, ga su nan suna yawo da ƙafafunsu.

Na san abin da za ki ce: in cire ta. Bari in gaya miki yadda nake aiki. Ni ba na cire kowa. Tun zamanin da nake bin ɗakuna ina roƙo na yi wa yaran nan alkawari: duk wanda ya ci gurbinsa da ƙafarsa, gurbin nasa ne, sai ranar da ya zo da bakinsa ya ce "ba zan iya ba". Da wannan dokar na gina ƙungiyar nan. An sha aiko mini da 'ya'yan manya a ce in cire wani in sa su, in ce su je su tambayi mai gurbin. Shi ya sa yara suka yarda da ni, shi ya sa muka tashi daga mutum shida zuwa abin da mota biyu ba ta ɗauka.

Na kira Auta ofis, na rufe ƙofa, na maimaita mata maganar likita ba ragi. Na ce, "Ya kika ji?" Ta ce, "Kawu, lafiya lau, ɗan tsami ne kawai." Yaya, ba ƙaramar yarinya ba ce. Saura ƙiris ta zama mai ba mutane magani, ta fi ni sanin jijiya. Ki kwantar da hankalinki.

Ƙanenki,
Koci

Zuwa ga Ƙanena,

Salam. Ni lafiya lau. Hankali kuwa ya ƙi kwanciya, duk da umarninka.

Ka tambaye ta, ta ce lafiya lau. To madalla. Wai kai ɗan wane gida ne? Ko shekara goma a jami'a ta sa ka manta daga inda ka fito?

Mu a danginmu ba a cewa ciwo. Wa ka taɓa jin ya ce? Mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, da kumburarriyar ƙafa take tsayawa tana dafa wa baƙi abinci, duk wanda ya tambaya ta ce lafiya lau. Kana makaranta, aka ce kada a gaya maka sai ka gama jarrabawa. Ka gama, ka dawo, ka tarar an share ɗakinta. A ƙofar gidanmu ka zauna kana kuka kana cewa, "Me ya sa ba wanda ya gaya mini?" Ni na ba ka ruwa. Mu muna ɗaukar wannan abin dauriya, har yabon juna muke yi a kansa.

Auta kuwa ta fi kowa. Tana 'yar shekara bakwai ta taka allura a shagona, ta kwana biyu tana zuwa makaranta da ita a tafin ƙafa. Jini na gani a takalminta. Da na tambaye ta, ta ce ba ta so ta hana ni ɗinki. Wannan ce kake jira ta zo ofishinka ta ce ba za ta iya ba? A gaban 'yan'uwanta uku da suke jiran ta karɓi sanda? Za ka jira har gashinka ya yi fari.

Dokarka mai kyau ce, ban raina ta ba. Amma don 'ya'yan mutane ka yi ta, masu bakin faɗar abin da ke damunsu. A kan jininmu tarko ce. Ka karya ta sau ɗaya. Kofi in ya fita bana zai dawo baɗi, gwiwa kuwa biyu ce tak Allah ya ba ta, kuma aikin da ta karanta aikin tsayuwa ne daga safe har yamma.

Ina jin tsoro, Ƙanena. Ban saba faɗa ba, amma ga shi na faɗa.

Yayarka

Yaya,

Ina fata kina lafiya. Mu lafiya.

Bai kamata ki taɓo mahaifiyata ba. Na karanta wajen sau ɗaya, na kife takardar.

Bara wata yarinya ta yi gudu da kumburarren idon sawu, saboda ta ce za ta iya, kuma ban hana ta ba. Yau in na cire Auta ba da bakinta ba, me zan ce wa uban waccan? In ce tawa ta fi tasa tsada? Ranar da na yi haka ƙungiyar nan ta watse, domin kowa zai san dokar Koci tana da ƙofar baya.

Kuma Auta ta ga rubutunki a kan teburina. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kawu, in ka cire ni saboda Umma, ba zan sake taka gidanka ba." Ba da wasa ta faɗa ba. Yanzu haka hotonta ne a babban allon da aka kafa a ƙofar jami'a, ta fi motar Direba tsawo. Duk inda ta bi yara suna kiran Walƙiya. Wani daga ofishin Shugaba ya zo yana maganar a yi mata allurar kashe zafi ranar gasa. Likita ya ƙi, ni ma na ƙi, har muka ɗaga wa juna murya. Don ki san ba sayar da ita na yi ba.

Ina son kofin nan, ba zan ɓoye miki ba. Shekara goma ina kallon wasu suna ɗaga shi. Amma ba don shi na ƙi ba. In ta ce ba za ta iya ba, ko ana gab da busa usur ne zan sa wata. In ta tsaya a layinta, ba zan janye ta ba.

Koci

Ƙanena,

Na ga wasiƙarka. Lafiya lau nake. Ba ni da ƙarfin ja da kai yanzu. Ka gaida Auta.

Yayarka

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ba zan tambayi lafiyarki ba, domin na san amsar da za ki ba ni.

Sati biyu ban ji daga gare ki ba, na ce fushi ne. Da 'yar takardarki ta zo, na ce to, Yaya ta sallama, ta bar ni da Allah. Har wani sanyi na ji, in faɗa miki gaskiya. Na sa ta a aljihu na tafi fili.

Sai da na sake buɗe ta da rana na ga rubutun ya karkace, layin yana gangarowa ƙasa. Ke da ko a takardar awo ba kya yarda harafi ya fita layi. Na je tasha na tare Direba, na ce a ina ya karɓi takardar nan. Ya fara sosa ƙeya yana duba taya. Da na matsa masa, ya ce shagonki a rufe yake tun kwanaki, maƙwabciyarki ce ta miƙa masa a ƙofar asibiti, kuma an gargaɗe shi kada ya faɗa.

Yaya, kin zauna kin rubuta mini shafi guda a kan mutanen da ba sa faɗar ciwo, kin fara shi da "ni lafiya lau". Me ke damunki? Tun yaushe?

Ban gaya wa Auta ba. Gasa saura sati guda, bayanta ga jarrabawar ƙarshe. Na ce a bari ta gama tukuna. Ina rubuta wannan layin na ji hannuna ya tsaya, domin na san inda na taɓa jin irinsa. Ki gaya mini yadda zan yi.

Ƙanenki

Zuwa ga Ƙanena,

Wa alaikumus salam. Ba ni da lafiya.

Ka ga, na rubuta, kuma rufin asibitin bai faɗo ba. Ƙari ne a cikina. Tun kafin wasiƙarka ta farko na san da shi, ina ɗinki ina dafe wajen da hannu ɗaya. An yi aiki an cire, an tura shi gwaji, ba a kawo sakamako ba tukuna. Niyyata in yi shiru har Auta ta karɓi takardar gama karatu. Ka kama ni, kuma ka yi daidai. Ka gaya wa Direba ba zan yanka shi ba.

Ina kwance ina kallon silin na yi ta tunani. Ina ta yi maka faɗa ka cire ta, alhali ko ka cire ta bana, gobe wani wurin za ta je ta tsaya da ciwo ta ce lafiya lau. A wajena ta koya. Ba ta taɓa jin na ce wayyo ba, ko ranar da aka fita da ubanta. To ka riƙe dokarka. Ga takarda nan a ciki, ban liƙe ta ba, ka karanta in kana so. Ka ba ta hannu da hannu kafin gasa, ba bayanta ba.

Auta, 'yata. Ina asibiti, an yi mini aiki a ciki. Yana ciwo sosai, in na yi tari har hawaye nake yi. Ba na iya tashi sai an ɗaga ni. Akwai kayan mutane a shago, na aika an ce musu ba zan iya ba, su kai wa wani. Na zaci zan mutu da kunya, sai ga shi sun zo duba ni. Ina jin tsoron sakamakon da ake jira. Na ɓoye miki wata da watanni, ban kyauta ba. Ban ce ki yi gudu ba, ban ce kada ki yi ba. Ƙafarki ce, ke kika san abin da take gaya miki. Abu ɗaya nake so ki sani: ni uwarki na faɗa, kuma ban ragu da komai ba.

Ka yafe mini maganar mahaifiyarka. Gaskiya ce, amma na jefa ta da ƙarfi.

Yayarka

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Allah ya ba ki lafiya, ya sa sakamakon ya zo da sauƙi. Yaya ciwon yau? Ki faɗa mini yadda yake.

Na ba ta takardar ana gobe gasa, a ɗakin ajiye kayan wasa. Ta karanta a tsaye, ta ninke, ta sa a aljihu. Ta ce, "Na gode, Kawu," ta fita. Ko ƙwalla ban gani ba. Na ce shi ke nan, jininmu ne.

Ranar ƙarshe ta gasar filin ya cika har kan katanga. Makinmu ɗaya da jami'ar da take riƙe da kofin, gudun miƙa sanda na mata ne zai raba gardama. Auta ta fito ta motsa jiki tare da sauran, gwiwar a ɗaure a ƙarƙashin wando. Ina kallon yadda take sauke ƙafar hagu kamar mai taka ƙwai. Alƙalan wasa suka fara kiran sunaye na ƙarshe. Aka kira nata, filin ya ɗauka da Walƙiya, Walƙiya. Ta nufi wajensu, ta yi rabin hanya, sai ta tsaya. Ta juyo ta tako har inda nake.

Ta yi magana ƙasa-ƙasa. Yaya, na ji ta sarai. Amma sai na ji bakina ya ce, "Me kika ce?" Ina duban kofin a kan tebur, ina fata ta haɗiye maganar. Ba ta haɗiye ba. Ta ɗaga murya har 'yan'uwanta uku suka ji: "Kawu, ƙafata tana ciwo. Ba zan iya ba."

Na sa wata 'yar aji ɗaya a gurbinta. Yarinyar ta yi gudu kamar ranta zai fita, muka zo na uku. Kofin ya fita ta ƙofarmu, ta ƙarƙashin hoton Auta. Wasu yara sun yi wa Auta ihu, ta zauna a benci ba ta sunkuyar da kai ba. Wadda ya kamata ta miƙa mata sanda ta zo ta zauna kusa da ita tana haki, ta riƙe mata hannu. Shugaba ya wuce ni kamar ya wuce turken fitila. Maganar kujera ban sake jin raɗarta ba.

Tunda kin buɗe ƙofar, ni ma bari in shiga. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, har yau ban iya bi ta gaban filin da safe ba. Kuma ina jin kunyar tambayar nan da na yi mata. Likita ya sake duba gwiwar jiya, jijiyar tana nan ba ta katse ba. Ya ba ta sanda ta dogara.

Ga Auta ta ƙwace biron.

Ƙanenki

Umma, gwiwata tana ciwo, tun ranar farko take ciwo, wani lokaci ko matakala ba na iya hawa. Da na karanta takardarki na ji tsoro, har yanzu ina ji. Kuma na yi fushi da ke, shi ma bai wuce ba. Ranar da na rubuta jarrabawar ƙarshe zan hau motar Direba, Kawu ya ce zai rako ni. In na shigo kada ki ce mini lafiya lau. Ki matsa mini gefen gado kawai, ƙafar ba ta son tsayuwa.

Autarki